Kod Ɗin Mushe Lawali

A watan Maris na shekarar 2020, ranar da muka yi zamanmu na ƙarshe a aji kafin a rufe makarantu saboda korona, zafi ya riga ya sauka a garinmu da ke kan hanyar Magarya zuwa Sassumbrum. Ajinmu na zana ne da rufin kara, rana tana ratsowa ta sama tana yi mana ɗige-ɗige a kan bencina, akuyar direkta, shugaban makarantarmu, kuma ta cusa kai ta gindin zanan tana tauna wani tsumma. Shekarata goma sha huɗu, ina katiriyam, aji na uku a kolej. Mushe Lawali, malaminmu na lissafi (Mushe muke ce wa malamin boko namiji), ya shigo babu jaka babu alli, sai waya a hannu, gumi ya jiƙa masa bayan riga. Ya ce babu wanda ya san ranar dawowa, amma shi ba zai yarda mu koma gida mu zubar da abin da ya sha wuya yana cusa mana ba. Ya buɗe mana gurup a wata manhajar zumunta, inda zai riƙa saka darasi. Tun safe har azahar yana kiranmu ɗaya-ɗaya, duk wanda ya san lambar wayar wani a gidansu sai ya buɗe masa kont, wato asusunsa na shiga manhajar, ya sa shi ya raɗa masa kod ɗin shiga a kunne. Da ya gama ya tsaya gaban tabulo, baƙin allon ajinmu, ya ɗaga yatsa. "Kod a ka yake kwana, ba a kaye ba," in ji shi, yana nuna littattafan rubutunmu. "Ko uwarka ta tambaye ka, ka ce ka manta." Habu da ke bencin baya ya ce, "Mushe, ni fa kaina rariya ne." Aji ya fashe da dariya, shi ma ya yi, har akuyar ta firgita ta janye kanta.

Mushe Lawali baƙo ne a garinmu. Daga wani ƙauye yake a bayan Yekuwa, malamin kwantaragi ne, yana haya a ɗaki guda kusa da injin niƙa, kuma yana da wata tsohuwar moto, wato babur, da sai an tura take tashi. Ni kuwa tun da na shiga lakwal, makarantar boko, ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ko na san amsa, da zarar idanu sun juyo kaina sai harshena ya yi nauyi. Sauran malamai sun ɗauke ni kurma, suka bar ni. Shi ne ya fara ɗaukar kayena, littafin da nake rubuta darasi, ya ɗaga shi sama yana juya shafuka. "Ku dubi kayen Cima," yakan ce. "Ko ƙuda ne zai sauka a nan, sai ya share ƙafa." Nakan sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage, amma in na koma gida sai in yi ta maimaita maganar a zuci ina daka. Ba ni da murya a ajin nan, ba ni da ƙarfin gudu, ban iya gaɗa ba. Abin da nake da shi kawai shi ne, duk abin da na rubuta ba ya ɓata.

Zaman gida ya zo mana daidai da aikin bazara. Da asuba mu tafi rijiya ni da ƙawata Ramatu, mu bi layin guga har hantsi, mu dawo wuya ya ƙage. Sai surfe, sai daka, sai ɓarar gyaɗar iri a inuwar rumbu har yatsu su yi kanta. Baba yana kwasar taki a amalanke zuwa gona, ƙannena suna bin sa suna ihu. Waya ɗaya ce a gidanmu, yayana Sani ne ya aiko wa Baba daga Kano, Baba kuma bai iya karatun boko ba, kira kawai yake amsawa, don haka in an yi la'asar yakan miƙo mini ita ya ce in je in yi lakwal ɗina. Rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga gidanmu sosai. Sai na hau jigawar da ke bayan gari, na zauna gindin gawo, na jira hoton darasin ya buɗe kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa, sannan in kwafe shi tsaf. Kakata, wadda muke kira Iya, tana soya ƙosai a ƙofar gida kullum, ranar kasuwa kuma a bakin rumfar mahauta. In ta gan ni na dawo da bik ɗin rubutuna a bayan kunne sai ta ce, "Ga Madam Takarda nan. To me wayar ta ce, za a yi ruwa bana?" Tun ina firamare muke da ƙa'ida da ita: duk kayen da ya cika, aka wuce ajinsa, nata ne, da shi take naɗe wa masu saye ƙosai. Akwai wata tsohuwar kwalla a ɗakinta da nake tara mata su.

Ba a yi mako biyu ba ƴan ajinmu suka fara manta kod. Yawancinsu aron waya suke yi, yau ta kawu, gobe ta mai caji a kasuwa, kowane shiga sai an sake bugawa. Habu ne ya fara zuwa, bayan Mushe ya sha wuya ya sake masa wani, ya ce in riƙe masa tunda ni ba na mantuwa. Sai Ramatu, sai wasu, har abin ya zama al'ada: wanda ya manta ya aiko ƙanensa ƙofar gidanmu. Ban iya cewa a'a ba, ban kuma yarda da kaina in riƙe kod goma sha wani abu a ka ba. Na ɗauki wani kaye na tarihi da ya rage saura shafi biyu, na ja layuka da regil, na rubuta sunan manhajar a sama na ja masa layi biyu, suna da jan bik, lamba da kod da shuɗi. Har yau ina ganin shafin nan a idona. Ban taɓa yin rubutu mai kyansa ba.

Gab da azumi, mahaifin Mushe ya kwanta rashin lafiya, dole ya koma ƙauyensu, inda babu rezo sai an yi tafiya zuwa Yekuwa. Kafin ya tafi ya zo ƙofar gidanmu ya yi sallama da Baba, suka zauna a tabarma, aka kira ni. Ya kawo darussan wata guda da ya rubuta da hannu, ya roƙi Baba ya bar ni in riƙa ɗaukar hoton shafi ɗaya kullum ina sakawa. Baba ya ji daɗi, ya tashi ya shiga ciki ya sa a damo wa baƙo fura. A wannan ɗan tsakanin ne Mushe ya tuna cewa ya kulle gurup ɗin, ba mai iya saka komai sai shi, don samari sun fara cika shi da bidiyon kokawa. Sai ya faɗa mini nasa kod ɗin, a hankali, sau uku, ya sa na maimaita. "Na san kanki ba rariya ba ne," ya ce. Baba ya fito da ƙwarya, aka shiga wata hira. Ni kuwa na shiga ɗaki ina ta nanata kod ɗin a baki, tsoro ya kama ni kada in wayi gari harafi ɗaya ya zame, aji guda ya rasa karatu saboda ni. Na buɗe kayen nan, a can saman jerin, na rubuta sunansa, da lambarsa, da kod ɗinsa. Sannan na yi tunanin inda ba mai dubawa. Ƙannena suna bincika jakata, Inna tana ɗaga katifa in tana shara. Wurin da na ga ba wanda ya damu da shi a gidan kaf shi ne ƙarƙashin tulin tsofaffin takardu a kwallar Iya. Na cusa shi can ƙasa, na lissafa cewa kafin ta kai gare shi damina ta wuce.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne azumi. Da azumi cinikin Iya ninkuwa yake yi, kowane gida yana son ƙosan buɗa-baki, takarda kuma tana tafiya kamar ana hura mata wuta. Ranar kasuwa ta biyu a cikin watan, na dawo daga jigawa na shiga ɗakinta don in duba wa wani yaro kod ɗinsa, sai na tarar da kwalla wayam, har ƙasanta mai tsatsa ana gani. Na fita da gudu ban ko ɗaura kallabi daidai ba. Na same ta a bakin rumfar mahauta, mutane sun kewaye kaskonta, ƴan moto, masu amalanke, fataken dabbobi da suka zo daga nesa, wasu ma daga tsallaken iyaka. A gefen ƙafarta ga bangon kayena, babu komai a cikinsa sai zare. Na durƙusa na ce mata a hankali, "Iya, wannan fa ba a gama da shi ba." Ba ta ko dube ni ba, tana juya ƙosai. "Yo ba a kwallata na same shi ba? Ke kam rowar takarda za ta kashe ki. Karɓi wannan ki kai wa babanki."

Washegari da sassafe, maimakon rijiya, na zaga filin kasuwa. Rumfuna babu kowa, sai awaki da iska. Na bi ina tsintar takardu masu maiƙo ɗaya bayan ɗaya, ina buɗewa, ina ganin rubutun hannuna a ƙarƙashin mai da yaji: rabin taswirar Afirka, sunayen sarakunan da muka haddace, wani lissafi da Mushe ya sa mini hannu da jan bik. Na duba cikin kwata, na duba jujin bayan mahauta. Shafin nan ban gan shi ba. Na tsaya ina kallon wata akuya tana tauna takarda, na ce wa kaina ai shi ke nan, ita ko ƴar'uwarta ta cinye shi. Na ce ko da mutum ne ya samu, wa zai tsaya karanta takardar ƙosai da yunwar azumi? Da wannan na koma gida, na karɓi faɗan Inna a kan ruwan da ban ɗebo ba.

Kwana shida na yi a haka. Kullum ina hawa jigawa, ina shiga da kod ɗin Mushe, yana buɗewa lafiya, ina saka darasi. Sau da yawa na fara rubuta masa saƙo in goge. Me zan ce? Shi da ya tsaya gaban aji ya ce kada a rubuta, shi da ya zaɓe ni a cikin kowa? A rana ta uku ya shigo Yekuwa sayen magani, ya kira wayar Baba, aka miƙo mini. Muryarsa a gajiye, ya tambaya ko akwai wata matsala. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na fasa. Na ce, "Lafiya lau, Mushe." Ya sa mini albarka ya kashe. A rana ta shida na buga kod, manhajar ta ƙi. Na sake bugawa harafi-harafi, ta ƙi. Na zauna gindin gawon nan har aka kira magariba ban ji ba.

Saƙonnin sun fara shigowa washegari, da sunan Mushe Lawali, da hotonsa sanye da farar rigarsa ta sallah. Ƴan matan ajin kaɗai aka bi. Ba zan maimaita abin da aka rubuta ba. Ana neman su turo hoto babu lulluɓi, ana ce musu su zo su same shi, da wasu kalmomi da ko a bakin tasha ba a faɗa. Wanda ya yi wannan aiki, ko wane ne shi, ban san shi ba har yau, kuma ina jin bai san garinmu ba. Da ya sani, da ya san babu yarinya ko ɗaya a cikinmu mai wayar kanta. Saƙon da aka tura wa Ramatu, mahaifinta Malam Isufu ne ya buɗe shi a rumfarsa ta fatu, ya ba wani ɗan lise, babbar sakandare, ya karanta masa a gaban mutane. Na wata yayanta ne ya gani, na wata mijin yayarta. Nawa ma ya zo, amma ni ce ke riƙe da wayar gidanmu, na goge shi, ban faɗa wa kowa ba.

Bayan sallah aka aika masa ya zo. An yi zaman ne da hantsi a ƙofar mai gari, ga direkta, ga liman, ga iyaye maza cike da tabarmi. Mu mata muna bayan danga, ni an aike ni kai wa matar mai gari tsaki, na maƙale a can. Ta tsakanin kara na hango shi, ya rame, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya rantse cewa tun kafin azumi yana ƙauye yana jinyar mahaifinsa, ya ce shiga aka yi kont ɗinsa, ya yi ta bayani a kan yadda ake sace irin wannan abu. Mutanen suna jin sa kamar mai ba da tatsuniya. A wurinsu, ga suna, ga hoto, me kuma ya rage? Direkta, wanda yake son ya cece shi, ya ce, "Lawali, ka yi tunani da kyau. Ban da kai, akwai wanda ya san kod ɗin nan?" Na san abin da zai biyo baya in ya ambaci sunana a wannan zama, a cikin irin wannan magana: malami namiji ya ba yarinya sirrinsa a ɓoye, ko ubanta bai sani ba. Shi ma ya sani. Ya juya hular a hannunsa, ya ce, "Babu kowa." Malam Isufu ya tashi tsaye ya ce to ai magana ta ƙare. Taku goma ne tsakanina da ƙofar dangar. Na ajiye ƙwaryar tsaki, na fita ta baya, na tafi gida.

Da aka buɗe lakwal a farkon damina, wani ne ya shigo mana lissafi. An ce takarda ta tafi inspeksiyo, ofishin masu kula da makarantu, an soke kwantaraginsa. Ɗakinsa na kusa da injin niƙa wani tela ya shiga. A cikin ƴan mata tara na ajinmu, huɗu muka dawo, sauran iyayensu suka ce sun ga abin da boko ke koyarwa. Ramatu ba ta dawo ba. Mun ci gaba da zuwa rijiya tare, tana tambayata me aka yi yau a aji, ina ba ta labari a gajarce ina kallon guga. Ita ce ta fi ni iya lissafi. Iya ta rasu bayan shekara biyu ba tare da ta san abin da ta naɗe wa wani baƙo ba, kuma ban taɓa ganin laifinta ba.

Bara, ina hanyar komawa jami'a a Damagaram, motarmu ta tsaya jiran fasinja a Magarya. Na sauka neman ruwa, sai na gan shi a bakin hanya, zaune bayan wani tebur da aka jera kwalaben man fetur a kai. Furfura ta fito masa. Shi ya fara gane ni. "Cima mai kaye!" ya ce, ya tashi yana goge hannu a riga, yana tambayar Baba da karatu, yana murna da gaske da ya ji inda na kai. Ban san daga ina ƙarfin ya zo mini ba. A tsaye a wurin, cikin warin fetur, na faɗa masa komai, shafin, kwallar, kasuwar. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ƙosai?" Ya yi wata ƴar dariyar yaƙe. Sannan ya tambaye ni kwana nawa ne tsakanin ɓatan takardar da ranar da kod ya ƙi. Na ce shida. Ya gyara zaman wata kwalba a kan tebur.

"Canza kod minti biyu ne, Cima," ya ce. "A ranar da na kira ki, da na yi shi a tsaye a kasuwar Yekuwa."

Na ce zan koma gari in faɗa wa kowa gaskiya. Ya girgiza kai. Ya ce mai garin ya rasu, direkta an yi masa canji, takardar da aka rubuta kuma ba a sake rubuta ta. "In kin faɗa yanzu, ni ba za su mayar da ni aji ba, ke kuma su samu abin taunawa. Laifin ma ba naki ba ne ke kaɗai, ni na ɗora wa yarinya kayan da ba nata ba. Je ki, motarku za ta tashi." Wani ɗan moto ya tsaya yana masa hon, ya ɗauki kwalba da mazurari ya juya.

Yanzu rabin karatunmu a waya yake. Ina da kod dabam ga kowane kont, na sa manhaja ta riƙa turo mini lamba ta biyu kafin ta buɗe, ba na shiga da wayar aro, in dole ta sa na shiga ba na miƙa ta sai na fita. Ƙawayena na ɗaki suna mini dariya, sun ce na fi banki tsaro. In wata ta miƙo mini kod ɗinta in riƙe mata, na koyi cewa a'a, in kuma ta ce tana jin wani ya gani, ba na barin ta ta zauna sai ta canza. A can garinmu an gina azuzuwan siminti, an kafa ƙarfen rezo kusa da kasuwa, yara suna karɓar darasi daga kan gadonsu. Sun fi mu komai, sai dai babu wanda zai tsaya tun safe har azahar yana kiransu ɗaya-ɗaya don kada su manta karatu. In an ambaci sunansa a garin har yau, tsofaffi tsaki suke yi, ni kuma ina zaune a cikinsu ina ji. Duk abin da ya kamata in sani na san shi yanzu, sai dai babu wanda zai amfana da shi a cikin waɗanda na cuta.